Maganin da Umma Ta Naɗe a Ganye

Shonakandi, Barishal
Tsakiyar damina

Zuwa ga Yayana Tofazzal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa da yayanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Bhabi Rehana da yara, Ya kuma sa wa shagon ɗinkinka albarka, Ya tsare ku daga zafin Maskat da sharrin masu sharri, amin. Mu a nan sai godiya. Ruwa ya sauka bana kamar ba zai rage na baɗi ba, kogi ya hau har gindin mangwaron maƙwabta, amma lambun Abba na pan, ganyen nan na taunawa, bai nutse ba, rumfar kara ce kawai ta rufta ta gefen gabas, kuma mijina, baban Mitu, ya sa an ɗaga ta. Mitu ta ci jarrabawarta, ta ce in tuna maka alkawarin agogo.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali duk Juma'a muna waya. To ai ka san wayar gidanmu. Umma na riƙe da ita, Abba na gefe yana gyaran murya, Gwaggo Fulbanu ta jingina da katanga tana kasa kunne. Wata huɗu ke nan kana tambayar jikin Abba muna ce maka lafiya lau, zafi ne kawai ya rage masa cin abinci. Ƙarya muke maka, Yaya, har da ni. Shi ya sa da na ji Kawu Sekandar zai koma Maskat jibi na ce sai na rubuta maka komai. Ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Abin ya faro tun bayan ƙaramar Sallah. Abba da ka sani, wanda yake gutsurar ɗanyen barkono da kowace lomar shinkafa, sai ya fara ture barkonon gefen faranti. Daga nan ya ce miyar Umma ta cika gishiri. Daga nan shayi ma sai ya huce sarai kafin ya kai baki. Ranar da baban Mitu ya kawo kifin ilish na farkon damina, Umma ta dafa shi da miyar mastad mai yaji yadda Abba yake so, ya kai loma ɗaya sai na ga ƙwalla ta cika masa ido, ya tashi ya ce wai kifin bana ba shi da daɗi. Mutumin da yake ɗaukar kwandon ganye biyu a kafaɗa ya koma sai ya ƙara wa zanensa ƙulli don kada ya zame. Na matsa masa har ya gaji da ni, ya buɗe baki a bakin ƙofa inda haske yake. Yaya, cikin kumatunsa duka biyu wasu fararen zare ne a shimfiɗe kamar saƙar gizo-gizo, tsakaninsu jan nama ɗanye, a kuncin hagu kuma, daidai inda yake aje pan ɗinsa, akwai gyambo mai faɗin ƙumbar babban yatsa. Ya ce wata uku ke nan yana fama, bai faɗa ba don ya san halinmu na surutu.

Da ƙyar muka sa shi a jirgin ruwa zuwa Barishal. Likitar baki da aka tura mu wurinta, Likita Nilufar, ba ta fi ni shekaru ba, kuma ka san yadda Abba yake kallon irin wannan. Ta duba shi da fitila ta daɗe, sannan ta faɗi sunan ciwon da Turanci, laikin filanas. Ta ce ba ɗauka ake yi ba, ba kuma sammu ba ne, garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa fatar bakinsa. Ta ce ba ya warkewa ɗungurungum, lafawa yake yi ya tashi, amma akwai man shafawa mai sitiroyid da yake kwantar da shi har mutum ya ci abincinsa ya manta. Sai dai gyambon hagu bai kwanta mata a rai ba, ta so ta yanki ɗan nama a wurin a kai ɗakin gwaji. Abba ya miƙe tsaye ya ce shi ba ragon layya ba ne, da kumatunsa biyu ya zo kuma da su zai koma. Ta ce to ta ji, ta ba shi sati uku. In gyambon ya kama hanyar rufewa, falillahil hamdu, in bai kama ba sai an yanka. Ba ta ambaci ciwon daji a gabansa ba. A bakin ƙofa ta tsayar da ni ta faɗa mini.

Yadda ta koya mini shafawar ba wuya. Bayan ya ci abinci ya kurkure baki, a tsane wurin da ɗan ƙyalle mai tsabta, a ɗiga man kaɗan a yatsa a ɗora a kan ciwon ba tare da murzawa ba, sannan ya yi rabin awa ba ci ba sha, sau uku a rana. Ta ce man sai ya zauna a kan naman zai yi aiki, kuma kada a cika shi, kada a wuce kwanakin da ta ɗiba, don yawansa yana jawo fumfuna a baki. Sharaɗi na biyu shi ne ya kawo rigima: ba pan, ba supari, wato goron da ake yankawa a cikinsa, ba farar ƙasa, ba taba. Abba ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "'Yata, kin san da wa kike magana kuwa? Ganyen da kike zagi shi ya gina gidana, shi ya kai wannan da ke tsaye makaranta har ta iya fahimtar Turancinki." Ta yi murmushi ta ce ya ci gaba da noma shi, ya sayar wa duk wanda ya ga dama, bakinsa ne kawai ta hana.

Muna isa gida na wanke hannu na ɗauko man, ya ce ko kusa. Wai shi ba akuyar kasuwa ba ce da za a riƙa tura masa yatsa a baki ana duba haƙora, balle 'yar da ya haifa. Na ce to ya shafa da kansa, ya ce idonsa ba ya gani cikin bakinsa. Gwaggo Fulbanu ta leƙo ta ce ai tsufa ne, tsohon da ya ƙi magani a bar shi da taurin kansa, shi kuma ya ce ta koma ta ji da nata haƙoran guda huɗu. Ana cikin haka Umma ta karɓi man daga hannuna ta ce, "Bar mini shi, Shiuli. Shekara arba'in da uku ina ba mutumin nan abin da ba ya so yana ci yana godiya." Na karanta mata bayanin likita sau biyu, ta gyaɗa kai, na koma gidana da sanyin zuciya. Ka san ba na samun zuwa sai Juma'a saboda makarantar da nake koyarwa. Juma'ar farko na duba, man ya ragu sosai. Ta biyu ya kusa ƙarewa, har Umma ta sa an sayo wani a kasuwa. Ta rantse mini ko sau ɗaya bai tsallake ba, safe da rana da yamma. Amma Abba sai ƙara ramewa yake, ya koma kunun shinkafa da madara, magana ma ta gefen baki yake yin ta. Na riƙa kwana ina tashi da kalmar da likita ta faɗa mini a bakin ƙofa, don in magani yana shiga sau uku a rana ciwo kuma yana gaba, ai ka san abin da ya rage.

Ranar wata Talata ruwa ya shiga filin makaranta aka sallame mu da hantsi, sai na wuce gida ban aika ba. Na iske sun gama cin na rana. Abba na kishingiɗe a baranda, Umma na zaune a tabarma da akwatin pan ɗinta na tagulla, wanda ta zo da shi gidan aure. Ba su ji shigowata ba saboda ruwan da ke dukan kwano. Ina tsaye ina kallo ta zaɓi ganye ta goge shi a zaninta, ta cire jijiyar, ta shafa farar ƙasa, ta yanka supari da almakashinta. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da man likita, ta matsa shi a kan ganyen, ta baza shi da yatsan nan da ta shafa farar ƙasa, ta naɗe ganyen mai kusurwa uku, ta soke shi da kanumfari. Abba ya miƙa hannu bai ko waiwaya ba, kamar yadda muka taso muna gani. Ya cusa shi a kuncin hagu, a kan gyambon, ya tauna yana runtse ido don zafi. Can ya sunkuya ya tofar da jan yawu a kasko, maganin duka ya bi shi.

Yaya, ban san lokacin da na yi ihu ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Umma murya ba sai ranar, kuma abin da na faɗa ba zan iya rubuta shi duka ba. Na ce sati uku tana kashe shi da hannunta tana rantse mini. Ta dube ni baki buɗe, ba ta ma gane laifinta ba. Ta ce, "To ni me na yi? Likita ta ce magani ya zauna a kuncinsa. Ina pan yake zama in ba a kunci ba?" Ta ce haka uwarta take yi, haka kakarmu take yi: in tari ne a naɗe citta a ganye, in haƙori ne a naɗe kanumfari, in ciki ne a naɗe 'ya'yan algarif, duk maganin da zai shiga bakin namiji a kan ganye yake hawa. Ta ce ai ta bi maganar likita, ta cire tabar gaba ɗaya, farar ƙasar ma ɗan taɓawa take yi, kuma man tana zuba shi da yawa don ya ishe shi. Ta ce ranar farko ta gwada da yatsa ya kau da kai, ya wuni bai ci komai ba, ita kuwa ba za ta zauna tana kallon baban Tofazzal ya tashi daga cin abinci ya miƙo hannu ta bar hannun a sama ba. Da na gaya mata ganyen da farar ƙasar da supari su ne suke cin naman, man kuma ko minti ɗaya bai zauna ba, sai ta dubi yatsanta. Garin gyaran gira an kusa rasa ido. Abba ya juya mana baya yana kallon ruwa.

Ranar komawa asibiti na shirya ƙaryar da zan yi, in ce yana mantawa ne. Umma, wadda rabonta da hawa jirgin ruwa tun bikinka, ta ɗauki mayafi ta ce da ita za a je. A jirgi bakin zaninta kawai take murzawa. Muna shiga, kafin in buɗe baki ta riga ni. Ta ce wa likita ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ita ce ta yi kaza da kaza, in akwai faɗa a yi mata, kada a yi wa 'yarta. Likita Nilufar ta aje biro ta daɗe tana kallonta. Ta ce ta sha ganin masu haɗiye man da masu shafa shi a waje a kan fuska, amma wannan ba ta taɓa ji ba, kuma laifin har da nata, da ta koya wa 'ya ba ta nemi mai ba shi abinci ba. Sai ta haska bakin. Na ga fuskarta ta canja. Gyambon ya ƙara faɗi, gefensa ya yi tauri, harshen kuma ya yi fari fat da fumfunar nan da ta yi mana kashedi. Ta ce yau ba shawara ta kawo ba, yanka za a yi.

Ina jiran Abba ya miƙe ya maimaita zancen ragon layya. Maimakon haka sai ya gyara zama ya ce wa likita kada ta rubuta laifin kowa sai nasa. Ya ce, "Shekara hamsin ina noma ganyen nan. In aka ba ni shi ido rufe zan gaya miki lambun da aka tsinko shi. Ni ne ba zan ji ɗanɗanon man kanti a cikinsa ba? Tun ranar farko na sani. Kuma da kunnena na ji abin da kika hana. Ita ba ta yi boko ba, ni kuwa na san abin da nake yi, pan ɗina nake so, na samu mai ba ni, na yi shiru." Ya ce sabo turken wawa, to ga wawan nan a zaune, ta yanki abin da za ta yanka. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka yi masa allura a kunci, aka ɗebi naman da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, aka yi ɗinki, aka ba mu ruwan kurkura na kashe fumfuna, aka ce mu dawo bayan kwana goma.

Kwana goman nan ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Na ɗauki hutu na dawo gida. A cikinsu ne ka kira ran Juma'a kana ba Abba labarin gwangwanin jarda, tabar taunawa mai ƙamshi, da ka aiko masa, ya ce maka an gode, Allah Ya yi albarka, ni kuwa ina tsaye bayan ƙofa na toshe bakina da mayafi. Gwangwanin nan yana ƙasan kogi, ni na jefa shi, ka yafe mini. Umma ta daina cin abinci sai an tsaya a kanta. Akwatin tagulla yana kan kantar ɗakinta inda yake kullum, ba ta taɓa shi, ba ta kuma yarda a ɗauke. Ganyen Abba ya isa tsinka, ya ƙi shiga lambun, baban Mitu ne ya kai kasuwa. Ita kanta Gwaggo Fulbanu ta daina tsokana, ta koma kawo madara tana ajewa a bakin ƙofa. Duk ranar da gari ya waye sai in ga Umma tana ƙirga kwanakin da yatsu, ta kai ƙarshe ta sake farowa.

Shekaranjiya muka koma. Ba ciwon daji ba ne, Yaya. Ka yi hamdala, ni ma a nan na tsaya na yi. Amma likita ba ta bar mu mun yi murna da yawa ba. Ta ce naman wurin ya fara canja kama, yana bakin hanya, kuma abin da zai tura shi ya ƙarasa mun san shi. Duk bayan wata uku sai an kai shi ta duba, ko yana jin ciwo ko ba ya ji, har iyakar rayuwarsa. Fumfunar ta mutu, ɗinkin ya kama, don haka ta mayar da shi kan man na sati huɗu, daga nan a rage. Wannan karon Umma ta sa a gaba, ta kama yatsanta ta nuna mata yawan da za ta ɗiga, ta sa ta gwada a gabanta. Ta ce wa Abba in ya sake tauna ko rabin ganye kada ya wahalar da kansa da hawa jirgi, ya ce wannan yarinya da a ce 'yarsa ce da ya sha wuya.

Jiya da rana Umma ta dafa masa shinkafa mai laushi da kifi, ba barkono ba mastad. Ya ci rabin faranti a hankali yana gunaguni wai abincin jarirai. Ya kurkure baki, ya kishingiɗa a baranda, can sai na ga hannun nan ya miƙe gefe da kansa, bai waiwaya ba. Ni da ke wanke kwanuka na tsaya cak. Umma na zaune a tabarma, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ɗan farin ƙyallen tsane baki yana cinyarta, kuma ba tare da ta lura ba ta naɗe shi mai kusurwa uku. Ta dubi hannun ta daɗe. Sai ta kama shi da hannu biyu ta mayar masa da shi kan ƙirjinsa, ta matso ta ce, "Baban Tofazzal, buɗe bakinka." Ya dube ta, ya dube ni, na sunkuyar da kai cikin kwanuka. Da na ɗago, ya buɗe.

Abin da nake roƙonka guda uku ne. Kada ka ƙara aiko da jarda ko wani abin taunawa, ko wa ya roƙe ka da sunansa. In ka kira, kada ka nuna wa Umma ka san abin da ya faru, abin da take ɗauke da shi ya ishe ta, kuma maganar da na yaɓa mata ranar Talatar nan har yau ban san yadda zan goge ta ba. Na uku, ka yi ƙoƙari ka zo nan da wata uku, lokacin ne za a koma dubawa, ina so a ce kana tsaye a wurin.

Ka gaida Bhabi Rehana da kyau, ka shafa mini kan Tanjila da Mahin, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Ka gaida abokin aikinka Malam Delowar. Baban Mitu da Mitu suna gaishe ku, haka Gwaggo Fulbanu. Kawu Sekandar zai ba ka wani ƙunshi mai nauyi tare da takardar nan. Akwatin tagulla ne, da almakashin a ciki. Umma da kanta ta wanke shi da toka da tsamiya yau da safe, ta naɗe shi a tsohon zaninta. Ta ɗauka ban gaya maka komai ba, ta ce in rubuta cewa tsaraba ce ga Rehana ta zuba allura da zare. Da na ce ai ni ma ina da allura da zare, kuma gidana ya fi kusa, sai ta ce kusancin ne ba ta so. Ta ce ta san hannunta, ta kuma san nasa, a kai shi inda sai an ƙetare teku.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Shiuli